Wa Ya Rufe Ƙofar? Wariyar da Ake Yi wa Al'ummar Roma a Turai da Yunƙurin Damawa da Su

Tsakure

Wannan takarda ta dubi halin wariya da al'ummar Roma ke ciki a nahiyar Turai, da yunƙurin da gwamnatoci da ƙungiyoyi suka yi na damawa da su daga 2005 zuwa yau. An ɗora nazarin a kan hukunce-hukuncen Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙididdigar da hukumar Tarayyar Turai mai kula da muhimman haƙƙoƙi, FRA, ta yi a 2016 da 2021, da manufofin Tarayyar Turai na 2011 da 2020. Matsayar takardar ita ce, hukumomi ne suka gina wannan wariya da doka da makaranta da tsarin gari, kuma har yau igiyarta a hannunsu take. Shi ya sa shirye-shiryen da suka duƙufa wajen gyara halin 'yan Roma ba su kai ko'ina ba, alhali waɗanda suka sauya yadda makaranta da asibiti da ƙaramar hukuma ke aiki sun yi tasiri. An fi ba da ƙarfi ga batun makaranta, domin a nan ne wariyar ke haihuwar kanta.

1.0 Gabatarwa



'Yan Roma su ne ƙabila marasa rinjaye mafi yawa a Turai. Majalisar Ƙasashen Turai mai hedkwata a Strasbourg ta ƙiyasta su tsakanin miliyan 10 zuwa 12, kimanin miliyan 6 daga cikinsu a ƙasashen Tarayyar Turai suke. Sunan nasu ba shi da alaƙa da birnin Rum ko ƙasar Romaniya. Daga harshensu na Romani ya fito. Masana harshe sun tabbatar cewa Romani ɗan'uwan Hindi da Panjabi ne, kuma kalmomin aro da ke cikinsa na Farisanci da Armeniyanci da Girkanci sun nuna hanyar da kakanninsu suka biyo daga arewa maso yammacin Indiya. A ƙarni na 14 sun riga sun zauna a yankin Balkan, a 1427 kuma an rubuta isowarsu birnin Faris. Ke nan sun haura shekara 600 a Turai. Duk da haka har gobe kallon baƙi ake yi masu.

Akwai kuskuren da ya kamata a kauce wa tun farko, musamman a wajenmu da muka saba da Fulani makiyaya. Mafi yawan 'yan Roma ba matafiya ba ne. Mazauna wuri ɗaya ne, a ƙauyukan gabashin Silobakiya, da unguwannin Sofiya da Plovdiv a Bulgeriya, da garuruwan Andalus a Sifen. Kuma ba tsintsiya ɗaya ba ce: akwai Sinti a Jamus, da Kale a Sifen, da Kalderash da Lovari, wasu Kiristoci, wasu kuma da dama a Balkan da Turkiyya Musulmi ne.

Tunanin nan na wariyar zamantakewa a Faransa ya yi suna, bayan littafin da René Lenoir ya fitar a 1974 a kan waɗanda tsarin jin daɗin jama'a ya bari a baya. Amartya Sen ya faɗaɗa shi a shekarar 2000, inda ya bambanta wariyar da ake yi da gangan da wadda ke aukuwa ba tare da an nufa ba. Amfanin tunanin shi ne, bai tsaya ga tambayar me mutum ya rasa ba, yana tambayar wa ya hana shi, kuma ta wace hanya. Da wannan ma'auni za a bi batun.

2.0 Yadda Aka Gina Wariyar

A masarautun Walakiya da Moldabiya, waɗanda daga baya suka haɗu suka zama Romaniya, bayi ne 'yan Roma. Takardar farko da ta shaida haka ta 1385 ce, inda wani sarki ya tabbatar da kyautar iyalai 40 ga wani gidan ibada na Kirista. Sarakuna da attajirai da coci duk sun mallake su, ana sayar da su ana gadonsu, har zuwa 1855 a Moldabiya da 1856 a Walakiya. Da aka 'yanta su ba a ba su ko taƙi ɗaya na gona ba, rabon filaye na 1864 ma ya wuce mafi yawansu. Wanda ya fito daga bautar kusan shekara 500 hannu rabbana, a ƙasar da noma ne arziki, ina zai zauna in ba bayan gari ba?

A yammacin Turai kora aka fi yi. Ingila ta kafa dokar fitar da su a 1530. A 1749 Sifen ta kama dubbansu a dare ɗaya, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin dole a ma'aikatun jiragen ruwa. A daular Habsbag kuwa, Sarauniya Maria Theresa ta ɗauki wata hanya daga 1758: a hana su yawo, a hana su aure a junansu, a ƙwace 'ya'yansu a ba manoma riƙo. Ya kamata a lura da wannan, domin shi ne kakan yawancin manufofin da suka biyo baya. Sharaɗin karɓarsu shi ne su daina zama 'yan Roma.

Sai kuma zamanin Nazi. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda aka kashe tsakanin 220,000 zuwa 500,000. A daren 2 ga Agusta 1944 kaɗai an hallaka kimanin mutum 4,300 a sansanin Auschwitz-Birkenau, yawancinsu mata da yara da tsofaffi. Gwamnatin Antonescu ta Romaniya ta kwashe kimanin 25,000 zuwa Transnistriya a 1942, wajen 11,000 suka mutu saboda yunwa da sanyi da annoba. Abin da ya biyo bayan yaƙin ma abin takaici ne. A 1956 babbar kotun Jamus ta Yamma ta yanke cewa matakan da aka ɗauka a kansu kafin 1943 ba na ƙabilanci ba ne, na yaƙi da masu laifi ne, da haka aka hana mutane da yawa diyya. Sai da 'yan Sinti suka yi yajin cin abinci a Dachau a 1980, sannan a 1982 Shugaban Gwamnati Helmut Schmidt ya amsa cewa kisan ƙare dangi aka yi masu. A Lety ta ƙasar Cek, gonar aladu aka gina a filin sansanin da aka tsare su, kuma ta yi shekaru gommai tana aiki kafin gwamnati ta saye ta ta rushe, aka buɗe wurin tunawa a 2024.

Gwamnatocin kwaminis sun haramta yawo, Tarayyar Sobiyet a 1956, Cekosilobakiya a 1958, suka zuba 'yan Roma a masana'antu da gonakin gwamnati. A nan dole a yi adalci: sun samu aiki. Binciken da István Kemény ya jagoranta a Hangari ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na mazan Roma suna da aiki a 1971. To amma aikin ƙarfi ne, wanda ba ya buƙatar takarda. Da tsarin ya rushe a 1989, su aka fara sallama, har adadin ya faɗo ƙasa da kashi 30 a 1993. Da aka tashi mayar da gonaki ga masu su na asali, ba su cikin lissafi, tun da kakanninsu ba su taɓa mallaka ba.

A zamanin kwaminis ne kuma aka soma juya wa matan Roma mahaifa ba da saninsu ba a asibitocin Cekosilobakiya, galibi a sa mace ta sa hannu a takarda tana tsakar naƙuda. Abin bai mutu da kwaminisanci ba. Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta kama Silobakiya da laifi a shari'ar V.C. a 2011, kuma dokar diyya da Cek ta kafa a 2021, wadda ta tanadi koruna 300,000 ga kowace mace, ta shafi abin da ya faru tun daga 1966 har zuwa 2012. Idan ka ji an ce matan Roma ba sa son zuwa asibiti, ka tuna da wannan shekara ta 2012.

3.0 Abin da Ƙididdiga Ta Nuna

Hukumar Tarayyar Turai mai kula da muhimman haƙƙoƙi, FRA, ita ce ke da alƙaluman da aka fi dogara da su. A binciken da ta yi a 2021 ta samu kashi 80 cikin 100 na 'yan Roma suna cikin haɗarin talauci, alhali a sauran jama'ar Tarayyar kashi 17 ne. Haka adadin yake a 2016, bai motsa ba. Kashi 22 ba su da ruwan famfo a cikin gida, wanda ya ɗan fi kashi 30 na 2016 dama. Masu aikin da ake biya kashi 43 ne, a mata kuwa 28. Kashi 29 na yara suna gidajen da wani ya kwana da yunwa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken. Macen Roma tana rayuwa ƙasa da sauran matan ƙasarta da kimanin shekara 11, namiji da shekara 9. A Turai ake wannan magana, nahiyar da ke aiko mana da masu koya mana yaƙi da talauci.

Alƙaluman kansu suna da tasu matsalar. A ƙidayar Romaniya ta 2021 mutum 569,477 ne suka ce su 'yan Roma ne, alhali ƙiyasin Majalisar Ƙasashen Turai ya kai miliyan 1.85. Mutanen da aka taɓa rubuta sunayen iyayensu a rajistar 'yan sanda, aka bi rajistar aka kwashe su, ba za a zarge su ba idan suka ɓoye kansu daga mai ƙidaya. Sai dai ɓoyewar tana da tsada, domin da ƙidaya ake raba kasafi. Silobakiya ta samu wata mafita: maimakon rubuta mutum ɗaya ɗaya, tana zana taswirar unguwanni, wane ke da ruwa, wane ke da hanya, ina makaranta mafi kusa. Taswirar 2019 ta ba da kimanin mutum 440,000. A ganina wannan ita ce hanyar da ta fi mutunta tsoron mutane ba tare da ta bar gwamnati cikin duhu ba.

Binciken ra'ayi na cibiyar Pew na 2019 ya nuna ɗaya gefen: kashi 83 na mutanen Italiya, da 76 na Silobakiya, da 72 na Girka suna da mummunan ra'ayi game da 'yan Roma. Ɗan siyasa yana karanta waɗannan alƙaluma kafin ya karanta na FRA.

4.0 Makaranta: Inda Wariya Ke Haihuwar Kanta

A shekarar 2000 yara 18 daga birnin Ostrava na ƙasar Cek suka kai ƙara Strasbourg, da taimakon Cibiyar Kare Haƙƙin Roma ta Turai da aka kafa a Budafes a 1996. An sa su a makarantun da aka tanadar wa yara masu raunin ƙwaƙwalwa. Alƙaluman da lauyoyinsu suka gabatar sun nuna fiye da rabin yaran Roma na birnin a irin waɗannan makarantu suke, alhali a sauran yara ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wato yiwuwar a tura ɗan Roma can ta ninka ta ɗan maƙwabcinsa sau 27.

Yadda abin ke gudana ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu wata doka da ta ambaci ƙabila. Yaro ɗan shekara shida zai zo, bai taɓa shiga ajin raino ba, harshen gidansu Romani ne ko wani karin Cek na unguwa. Sai a yi masa gwajin basira da aka tsara da harshe da al'adar yaran masu rinjaye. Ya faɗi. A kira uwa, wadda wataƙila ita ma a wannan makarantar ta yi karatu, a ce mata can ajin ba cunkoso, ba mai tsokanarsa, ga 'yan'uwansa duk suna can. Ta sa hannu. Manhajar can ragaggiya ce, wanda ya gama ta da ƙyar ya shiga sakandaren da ke kai wa jami'a. Bayan shekara goma a ce ba shi da takarda, bayan ashirin a ce malalaci ne mai zaman jiran tallafi. Kowane ma'aikaci a wannan sarƙa zai iya rantsuwa cewa bai nufi kowa da sharri ba.

Ƙaramin zauren kotun ya kori ƙarar a 2006 bisa wannan hujja ta rashin niyya. Babban zaure kuwa, a ranar 13 ga Nuwamba 2007, da ƙuri'a 13 da 4, ya juya hukuncin. Shari'ar da aka sani da D.H. ta kafa abubuwa uku: alƙaluma suna iya zama shaidar wariya ko da ba a nuna niyya ba; idan sun nuna, nauyin wanke kai yana kan gwamnati; kuma sa hannun iyaye ba ya halatta a tauye wa yaro haƙƙinsa na kada a ware shi saboda ƙabilarsa. Hukunce-hukunce irinsa suka biyo baya a kan Girka a 2008, Kuroshiya a 2010, Hangari a 2013.

Da hukuncin kotu yana koyar da yaro karatu, da magana ta ƙare a nan. Binciken FRA ya nuna a 2016 kashi 44 na yaran Roma masu shekara 6 zuwa 15 suna makarantun da duka ko mafi yawan ɗalibansu 'yan Roma ne. A 2021 adadin ya hau zuwa 52, a Silobakiya da Bulgeriya kusan yara biyu cikin uku. Wariyar ta sake riga ne kawai. Wani wuri sunan makarantar aka sauya. Wani wuri aka buɗe aji na daban a bene na daban, da lokacin cin abinci na daban. Wani wuri iyaye masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar coci ko ta gari na gaba. A gabashin Silobakiya har makarantun kwantena aka kafa a bakin unguwannin Roma, da sunan kawo ilimi kusa, abin da a zahiri ya tabbatar yaron ba zai taɓa haɗa benci da ɗan cikin gari ba.

Abin da ya faru a Gyöngyöspata ta Hangari ya nuna inda gizo ke saƙa. Kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar a 2020 da diyyar kusan forint miliyan 100 ga ɗalibai 60 da aka ware shekara da shekaru. Firaminista Viktor Orbán ya fito fili ya soki biyan kuɗin, majalisa kuma ta gyara doka ta yadda nan gaba ba za a biya irin wannan diyya da tsabar kuɗi ba, sai dai da ƙarin karatu. Wato makarantar da ta cuci yaro ita ce za ta biya shi da ƙarin darasi.

Akwai abin da ya shafe mu a nan, ko da yake a taƙaice. Nijeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, kuma hujjarta a bayyane take, yaron da ke bin shanu ba zai zauna aji na wata tara ba. Yaron Ostrava kuwa a cikin gari yake, makarantar kowa da kowa tana bayan gidansu. Duk da bambancin, tambayar da shari'ar D.H. ta bari tana hawa kan kowace makarantar da aka keɓe wa wani rukuni: wanda ya gama ta, ina take kai shi?

5.0 Manufofi Daga Sama

A Fabrairu 2005 shugabannin ƙasashen tsakiya da kudu maso gabashin Turai suka haɗu a Sofiya suka ƙaddamar da Shekaru Goma na Damawa da Roma, da goyon bayan Bankin Duniya da gidauniyar George Soros. Ƙasashe 12 suka shiga daga ƙarshe, aka zaɓi fannoni huɗu: ilimi, aiki, lafiya, muhalli. Abin da ya fi ɗorewa daga shirin shi ne Asusun Ilimin Roma, wanda ya ɗauki nauyin karatun dubban matasa har jami'a. Bankin Duniya ya kawo hujjar aljihu a 2010: ware 'yan Roma daga kasuwar aiki yana jawo wa Romaniya asarar yuro miliyan 887 a shekara, Bulgeriya miliyan 526, kuma kusan ɗaya cikin biyar na matasan da ke shiga shekarun aiki a ƙasashen biyu 'yan Roma ne.

Ana cikin waɗannan shekaru goma ne Italiya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan sansanoninsu a 2008, har da ɗaukar hoton yatsu. A 2008 da 2009 wasu 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Hangari suka kashe 'yan Roma shida, ciki har da yaro ɗan shekara biyar. A 2010, bayan jawabin Shugaba Sarkozy a Grenoble, wata takardar ma'aikatar cikin gidan Faransa ta 5 ga Agusta ta umarci a rushe sansanoni 300 cikin wata uku, a fara da na Roma. A ranar 17 ga Disamba na wannan shekara, ana tsakiyar hunturu, hukumar birnin Cluj-Napoca a Romaniya ta tashi iyalai 76 daga tsakiyar gari ta kai su Pata Rât, gefen jujin birnin.

Rigimar Faransa ce ta zaburar da Tarayyar Turai ta fitar da tsarinta na 2011, inda aka nemi kowace ƙasa ta rubuta nata shirin. An rubuta. Sai dai tsarin shawara ne, ba doka ba, kuma Kotun Binciken Kuɗi ta Tarayyar ta nuna a 2016 cewa da wuya a gane nawa ne ya kai ga 'yan Roma, sannan ba a ba yaƙi da ƙyamarsu muhimmancin da ya dace ba. Babban raunin, a fahimtata, yana cikin tunanin ne. An ɗauka 'yan Roma ne ke da giɓi: a koya masu tsafta, a koya masu neman aiki, a wayar masu da kai. Shugaban makarantar da ya raba aji, da magajin garin da ya gina katanga kamar yadda aka yi a Ostrovany a 2009 da Baia Mare a 2011, da mai kamfanin da ke cewa an riga an ɗauki wani da zarar ya ga fuska, babu wanda aka ce ya sauya. An bar jaki ana dukan taiki.

Sabon tsarin 7 ga Oktoba 2020 ya amsa wannan suka. Ya sa daidaito da shigar 'yan Roma cikin yanke shawara a gaba, ya kira ƙyamar Roma da sunanta, ya kuma sa ma'aunai zuwa 2030: a rage giɓin talauci da na aiki da rabi, a rage yaran da ke makarantun wariya da rabi, aƙalla kashi 95 su samu ruwan famfo. Ci gaba ne na gaske. Amma shi ma ba ya ɗaure kowa.

6.0 Inda Aka Ga Haske

A shekarar 2000 wata ƙungiyar 'yan Roma mai suna Drom a garin Vidin na Bulgeriya ta yi abin da gwamnati ta ce ba zai yiwu ba. Ta samo motoci ta riƙa kwasar ɗaruruwan yara daga unguwar Nov Pat tana rarraba su a makarantun cikin gari. Motar ce aka fi gani, amma aikin ba a nan yake ba. An bi gida gida an shawo kan iyayen Roma, an zauna da shugabannin makarantu da iyayen sauran yara, an sa masu sa ido daga cikin unguwar a kowace makaranta, an shirya darasin cike giɓi da yamma. Yaran suka ci jarrabawa, garuruwa da dama suka kwaikwaya. A Hangari biranen Szeged da Hódmezővásárhely suka rufe makarantun wariya a 2007 suka raba yaran a sauran makarantu. Na biyun magajin gari mai ra'ayin riƙau ne ya yi, abin da ke nuna maganar ba ta hagu ko dama ba ce.

A fannin lafiya, ƙungiyar Romani CRISS, wadda masanin zamantakewa Nicolae Gheorghe ya kafa a 1993, ta soma horar da mata daga cikin unguwanni su zama masu shiga tsakanin jama'a da asibiti. Aikinsu shi ne su nemo wa mutum takardar haihuwa da katin shaida, su yi masa rajista da likita, su raka mai ciki awo, su bi yara rigakafi. Ma'aikatar Lafiya ta Romaniya ta mayar da shi aikin gwamnati a 2002, Bulgeriya ta fara biyan nata daga kasafi a 2007. Inda aka ci gaba da biyan su, an ga amfani. Inda aka miƙa albashinsu ga ƙaramar hukumar da ba ta damu ba, aikin ya yi rauni.

Gwajin da ya fi koya mana darasi shi ne wanda Bankin Duniya da wata gidauniya ta Sofiya suka yi a 2014 da 2015 a yankuna 236 na matalauta a Bulgeriya. An cire wa wasu kuɗin makarantar raino, an bar wasu, don a kwatanta. Cire kuɗin kaɗai ya rage yawan yaran da ba a yi wa rajista ba da kusan rabi. Wannan ya rushe zancen nan na cewa iyayen Roma ba sa son karatu. Kuɗi ne ba su da shi. To amma binciken ya kuma gano cewa a farkon lamari yaran ƙananan ƙabilu ba su ƙaru da zaman ajin kamar sauran ba. Shiga aji daban, samun malamin da ya shirya karɓarka daban. Bulgeriya ta soke kuɗin makarantun raino gaba ɗaya a Afrilu 2022, ga kowa da kowa, kuma hakan ya fi, don abin da aka ba kowa ba ya jawo wa wani rukuni baƙin jini.

Sifen ake yawan ba da misali da ita. Tun shekarar 2000 gidauniyar Secretariado Gitano ke gudanar da shirin Acceder da kuɗin Tarayyar Turai, tana horar da mutane a kan ainihin aikin da kamfanoni ke nema, tana kuma zama da kamfanonin. Iyalan da ke zaune a bukkokin kwano da katako sun ragu daga kashi 10 a 1991 zuwa kimanin kashi 2 a 2015, domin an saka su a gidajen gwamnati cikin sauran jama'a. Duk da haka kusan shida cikin goma na matasan Roma a Sifen ba sa kammala karatun dole. A ƙauyen Spišský Hrhov na Silobakiya kuwa, magajin gari Vladimír Ledecký ya kafa kamfanin ƙaramar hukuma da ya ɗauki 'yan Roma aikin gini da buga bulo, ya daidaita masu takardun fili, har ƙauyen ya riƙa jawo sababbin mazauna.

Duk waɗannan abu ɗaya suka haɗa: an taɓa hukumar da ke riƙe da ƙofar, 'yan Roma suna cikin masu tsarawa, kuma an jure shekara goma ko ashirin, ba kwangilar wata 24 ba.

7.0 Kafin 2030

Tun Babban Taron Roma na Duniya da aka yi kusa da Landan a Afrilu 1971, inda suka zaɓi tuta da suna, al'ummar ta samar da lauyoyi da malamai da 'yan majalisa irin su Juan de Dios Ramírez Heredia da Lívia Járóka. Masu magana da yawunta ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hukunci ga wanda ya ƙi ji. Hukumar Zartarwar Tarayyar Turai ta buɗe tuhumar saɓa dokar daidaiton ƙabilu ta 2000 a kan Cek a 2014, Silobakiya a 2015, Hangari a 2016. Sai a Afrilu 2023 ta yanke shawarar gurfanar da Silobakiya a gaban Kotun Tarayyar, bayan shekara takwas. Yaron da ya shiga aji ɗaya lokacin da aka buɗe fayil ɗin ya kusa gama makarantar wariyar kafin a kai takardar kotu.

Makamin da ke hannun Tarayyar shi ne kuɗi. Duk ƙaramar hukumar da ta raba aji bisa ƙabila, ko ta tashi iyalai ba tare da ta ba su matsuguni cikin jama'a ba, a dakatar da kasonta har sai ta gyara, a kuma sa ƙungiyoyin Roma na yankin cikin masu tantance ko ta gyara ɗin. Idan ba a yi haka ba, ma'aunan 2030 ba za su cika ba.